Yadda Ake Neman Kabarin Sojan da Ya Tafi Yaƙi Bai Dawo Ba

A gidaje da yawa na Arewa akwai wani suna da ba a ambatonsa sai an sassauta murya. Ƙanen kaka ne, ko wan kaka, ko mijin wata gwaggo da ta shiga takaba tun tana yarinya ɗanya. In ka tambaya sai a ce, "Ai soja ya tafi lokacin Yaƙin Hitila," labari ya ƙare. Ba a ga gawa ba, ba a san kushewa ba, ba a san ranar da ya cika ba. A gidanmu ƙanen kakata ne ta wajen uwa. Duk ranar Juma'a in za ta yi sadakar waina, sai ta ware guda uku a murfin kwano ta ce wannan ta ɗan'uwanta ce da ya tafi Bama. Har Allah ya yi mata rasuwa ba ta san ko a ruwa ya mutu ko a tudu ba.

Abin da ita ba ta samu ba, jikokinta na iya samunsa da wayar da ke hannunsu. Ingila da Faransa sun ajiye rajistar waɗanda suka mutu a ƙarƙashin tutocinsu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, sun kuma ɗora ta a intanet, kowa na iya dubawa ba tare da biyan ko sisi ba. Sai dai aikin ya wuce a rubuta suna a latsa. Sunan da gida ya san mutum da shi daban, wanda akawun bariki ya rubuta daban, kuma galibin masu nema a nan suke karaya su ce babu shi, alhali yana nan kwance a jerin da wani suna da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba.

Kafin ka taɓa waya

A gida ake fara neman nan. Ka sami mafi tsufan dangi, musamman mata, don su suka fi riƙe irin wannan labarin, ka zauna ka saurara da takarda a hannu. Sunan yanka kake so, da laƙabi, da sunan mahaifi. Ka tambayi ƙauyen da aka haife shi, da garin hakiminsu, da masarautar da suke ƙarƙashinta. Ka tambayi inda aka ɗauke shi soja: Zariya, Kaduna, Kano, Sakkwato, ko kuwa ya tafi ci-rani Kurmi ne ko Gwanja aka ɗauke shi a can. Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, saboda haka kada ka matsa sai an ba ka 1943. In an ce "shekarar da aka yi wa wance aure" ko "damina biyu bayan naɗin dagacinmu", rubuta haka nan, daga baya za ka daidaita.

Sannan a buɗe adaka da tsofaffin akwatunan ƙarfe. Abin da ya fi komai daraja shi ne lambar soja. Suna na iya zama na mutum hamsin, lamba ta mutum ɗaya ce. A Yaƙi na Biyu lambobin sojojin Nijeriya na farawa da haruffan NA, na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da GC. Kana iya tsintar ta a jikin wasiƙa, ko takardar biyan haƙƙin mamaci da ta biyo ta ofishin Di'o, ko a bayan hoto. Idan an sami lambar girma ta ƙarfe, juya ta ka duba bakinta. Na Yaƙin Farko an buga suna da lamba da runduna a gefensu da ƙananan haruffa, har sai ka goge da tsumma ka karkata wajen haske kafin su fito. Na Yaƙi na Biyu da Ingila ta raba galibi babu suna a jiki, amma ƙyallen da aka rataye su da shi yana magana: Tauraron Bama ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan goro a gefe biyu. Da ka gan shi ka san fagen da mai shi ya taka.

Kada ka raina takardun abokan tafiyarsa da suka dawo. Samarin gari ɗaya sukan shiga soja rana ɗaya, a jera su a layi ɗaya, a ba su lambobi masu bin juna. In jikokin wani ɗan mazan jiya na unguwarku na riƙe da littafin sallamarsa, kwafe lambar da bataliyar. Na kakanka ba zai yi nisa da ita ba.

Hukumar da ke riƙe da rajistar

Ga duk wanda ya yi soja ƙarƙashin Ingila, wurin nema ɗaya ne: Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Kwamanwel, wadda aka fi sani da haruffan CWGC. An kafa ta a 1917, yaƙi na tsaka da ci, bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Fabian Ware, kuma hedkwatarta na garin Maidenhead a Ingila. Tana kula da sunaye da kaburburan mutum miliyan 1.7 a wurare kusan 23,000 cikin ƙasashe sama da 150. Tun farko an yanke cewa ba za a mayar da gawa gida ba, inda mutum ya faɗi nan kusa za a binne shi. Wannan ne ya sa ɗan Gumel ko ɗan Azare ke kwance a Asiya.

Hukumar na da iyakar kwanan wata, kuma sanin iyakar zai rage maka wahala. Wanda ya rasu daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, ko daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947, yana bakin aikin soja, shi ne nata. Ba sai harsashi ne ya kashe shi ba: zazzaɓi, atuni, haɗarin mota, nutsewar jirgi, duk ɗaya ne a wurinta. Wanda kuwa ya dawo gida lafiya ya rayu har zamanin Sardauna ba ya ciki, haka wanda ya mutu a Kwango a farkon shekarun 1960, ko a Yaƙin Basasa, ko a Laberiya da Saliyo. Waɗannan sai a nemi bayaninsu wajen rundunar sojan Nijeriya da ƙungiyar 'yan mazan jiya.

Adireshin shafin shi ne cwgc.org. Da Turanci yake, kuma sukan sauya masa fasali lokaci zuwa lokaci, amma ƙofofi biyu ba sa ɓacewa. Ɗaya an rubuta mata Find War Dead, ta neman mutum. Ɗayar ta neman maƙabarta ce ko allon tunawa. Ta farkon za ka shiga. Za ka ga gurabe: sunan ƙarshe, sunan farko, lambar soja, runduna, ƙasar da ya yi wa aiki, wane yaƙi, ranar rasuwa, ƙasar da aka binne shi.

Tarko biyu ke nan tun a bakin ƙofa. Na farko, a gurbin ƙasar da soja ya yi wa aiki kada ka ɓata lokacin neman Nijeriya ko Ghana. A lokacin ƙasashen na hannun Turawa, don haka sojojinmu na lissafe cikin na Birtaniya. Ka zaɓi United Kingdom, ko ka bar gurbin yadda yake. Na biyu, an gina gurabe ne bisa tsarin sunan Bature mai sunan dangi. Namu sojojin sau da yawa an zuba sunansu gaba ɗaya a gurbin sunan ƙarshe, na farkon an bar shi fayau. In ka raba sunan gida biyu, ka sa ɗaya nan ɗaya can, na'urar na iya ce maka babu kowa. Zuba duka a gurbin sunan ƙarshe tukuna. In bai fito ba, sai ka gwada ɗaya-ɗaya, ka kuma juya su gaba da baya.

Sunan bariki

A nan aikin yake, kuma a nan nake so mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Rundunar da kakanninmu suka shiga ita ce ta Afirka ta Yamma da aka haɗa a ƙarshen ƙarni na 19 ƙarƙashin Lugga, wadda ake taƙaita sunanta WAFF, daga 1928 kuma RWAFF. Hausa ce harshen barikinta a Nijeriya, hafsoshin Turawa ma sai sun koya. Amma jin Hausa daban, rubuta ta daban. Kurtu zai tsaya gaban tebur, a ce masa "Sunanka?" ya faɗa, a ce "Garinku?" ya faɗa, akawu ya haɗa biyun ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa. Shi ke nan ya zama sunansa har kabari. Sunan uba sau da yawa ba ya shiga ko kaɗan. Shi ya sa jerin ke cike da Kano da Sokoto da Bauchi da Yola da Zaria a matsayin suna na biyu.

Kuma ba lalle ƙauyensu ya faɗa ba. Yaro daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja ya san Bature bai san ƙauyen ba, sai ya ambaci babban gari. Wani ƙabilarsa aka liƙa masa: Fulani, Beriberi, Zaberma, Hausa. A rundunar Gwalkwas wannan ya fi yawa, inda za ka ga Grunshi da Moshi da Dagarti da Frafra. Sojan da aka fi danganta wa harbin farko na ɓangaren Birtaniya a Yaƙin Farko, a Togo cikin Agusta 1914, ana kiransa Alhaji Grunshi, kuma Grunshi ɗin ba sunan mahaifinsa ba ne. Akwai kuma waɗanda da gangan suka sauya suna don kada iyaye su biyo sawu, da waɗanda suka tsallako daga ƙasar Faransa suka ce su mutanen Barno ne ko Katsina.

Saboda haka ka ɗauki takarda ka jera duk yadda za a iya lanƙwasa sunan. Muhammadu na iya fitowa Momadu, Mamadu, Moma, Mama, ko Momo. Audu na zama Awudu. Umaru na zama Umoru ko Imoru. Garba, Garuba. Yusufu, Yesufu. Usman, Osuman ko Osumanu. Ibrahim, Braima ko Braimah. Garuruwan ma haka: Katsina takan zama Katsena, Barno Bornu, Gwandu Gando, Haɗeja Hadeija. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, ka manta da su a nan, Ɗanladi Danladi ne. Ka gwada kowane suna da kowane gari, ɗaya bayan ɗaya, kana yi wa wanda ka gama alama, in ba haka ba za ka yi ta zagaye wuri ɗaya kana ƙona data.

Ni dare uku na yi ina rubuta sunan ƙanen kakata haɗe da sunan mahaifinsu, babu abin da ya fito. Sai da wata gwaggona ta ce a bariki ba da sunan yanka ake kiransa ba, da gajeren sunan da 'yan'uwa ke kiransa ne, na haɗa shi da sunan masarautarmu maimakon ƙauyenmu. Mutum huɗu suka fito masu suna iri ɗaya. Biyu a Yaƙin Farko suka mutu, na cire su. Na ukun a Masar yake. Na huɗun sojan Nijeriya ne da ya rasu a farkon 1944 a Bama, daidai da lissafin kakata cewa labari ya iso gida kafin a yi shuka. Na daɗe ina kallon allon wayar kafin in iya kiran kowa.

In sunan ya ƙi, sai ka sauya dabara: ka bar gurbin suna, ka kama runduna. Rubuta Nigeria Regiment ko Gold Coast Regiment, ka zaɓi yaƙin, ka taƙaita shekarar rasuwa, sannan ka bi jerin da ido. Yana da tsawo, amma idon Bahaushe na gane Audu cikin Awudu inda na'ura ba ta ganewa. Ka kuma tuna ba kowa ne ɗan bataliyar bindiga ba. Akwai 'yan igwa, da injiniyoyi, da direbobi, da ma'aikatan asibiti, da leburorin soja, da rukunonin 'yan dako da suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga. Duk suna da nasu sunayen runduna, galibi masu farawa da West African. Aikin wannan jerin ya fi daɗi a kwamfuta, don haka in da hali ka je shagon intanet ka zauna sosai.

Karanta abin da ya fito

Idan ka latsa suna, shafin mutum ɗaya zai buɗe. Za ka ga muƙami: farabiti ne, ko las-kofur, ko kofur, ko saje, ko samanja. Za ka ga lamba, bataliya, ranar rasuwa, wani lokaci da shekarunsa. Akwai wani layi na ƙarin bayani wanda ga Turawa yakan faɗi iyaye da mata da gari. Ga namu galibi babu komai a wurin, amma in aka yi sa'a aka rubuta sunan mahaifi ko gari, to ka sami shaida mai ƙarfi.

Daga nan sai wurin da ake tunawa da shi, kuma dole a bambance abu biyu. In an rubuta sunan maƙabarta tare da lamba da harafi da wata lambar, to kabari ne na gaske: lambar farko fili, harafin layi, lambar ƙarshe kushewa. In kuwa an rubuta Memorial, tare da lambar allo ko fuskar bango, ma'anarsa ba a san kabarinsa ba, sunansa kawai aka sassaƙa. Kada ka je ka gaya wa dangi an gano kabari alhali allo ne. Gaskiyar da ke akwai ta isa.

A ƙasan shafukan da yawa akwai hotunan tsofaffin takardun hukumar, waɗanda aka buga da tafireta, wasu da gyaran biro a jiki. Buɗe su. Akwai takardar rajistar kabari, akwai ta abin da aka rubuta a dutse, akwai kuma wadda ke nuna inda aka fara binne mutum kafin a kwaso shi zuwa babbar maƙabarta. Wannan ta ƙarshen ita ce ke nuna maka kusa da inda ya faɗi. Shafin na kuma ba da takardar shaida mai sunan mamacin da hoton wurin, wadda za ka sauke ka buga.

Ranar rasuwa da sunan bataliya in ka haɗa su, sukan ba da labari. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, mai tambarin baƙin gizo-gizo, ta shiga kwarin kogin Kaladan a yammacin Bama sau biyu, a farkon 1944 da kuma ƙarshenta. Runduna ta 82, wadda tambarinta masu biyu ne gicciye a kan gammo, ta haɗu da ita aka kama Myohaung a Janairu 1945, ta ci gaba da gangarawa kudu ta yankin Arakan. Wasu bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, an kai su bayan layin Japanawa a 1944 tare da dakarun da ake kira Chindit. Irin waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnenmu, a ƙofar bariki muke ganinsu kullum ba mu tambaya: Barikin Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas, Burma Camp a Ankara.

Mafi yawan waɗanda suka mutu a can za ka same su a maƙabartar Taukkyan, kimanin kilomita 35 arewa da birnin Yangon, wanda a da ake kira Rangun. An fara maƙabartar a 1951, aka tattaro gawarwaki daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw. Akwai kaburbura 6,374 na Yaƙi na Biyu a ciki, 867 ba a san masu su ba. Alamar kabari a nan ba dogon dutse ba ne, faifan tagulla ne a kan ɗan gajeren dandamali, jere cikin ciyawa da furanni. A tsakiya kuma ga dogayen ginshiƙan allon tunawa na Rangun, ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda daji da kogi suka haɗiye kaburburansu. Ƙanen kakata a nan yake, a jikin bango. Waɗanda aka kwaso da rauni ko ciwo suka cika a asibitocin baya kuwa, sai a duba Chittagong da Maynamati a Bangaladash ta yau, da Ranchi da Madras a Indiya.

Ba Bama kaɗai ba ce. Birget ɗin Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941 a yaƙi da Italiya, ta wuce har Habasha, don haka akwai namu a rajistar Nairobi da Adis Ababa. Wasu na Masar. A Yaƙin Farko kuwa fagen na kusa da gida: Garwa, Banyo, da dutsen Mora inda Jamusawa suka toge har Fabrairu 1916. Bayan nan aka kwashi sojojin Nijeriya zuwa Tanganyika, inda suka yi asarar rayuka mai yawa a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Sunayen irin waɗannan sau da yawa ba a can suke ba, an rubuta su ne a allunan tunawa na gida, irin na Zariya da Lakwaja da Abuja, ko na Kumasi ga mutanen Gwalkwas. Mai nema daga Sabon Garin Zariya na iya tarar da cewa sunan da yake nema a wata duniya yana nan tafiyar ɗan acaɓa daga ƙofar gidansu.

In an bi duk hanyoyin babu shi

Rashin suna a rajista ba ya nufin tsofaffi sun yi ƙarya. Hukumar ta kafu ne bisa alkawarin cewa kowa daidai yake a mutuwa, janar da farabiti dutse iri ɗaya. A Turai ta cika alkawarin. A Afirka ba ta cika ba, kuma da bakinta ta amsa. Bayan wani shirin talabijin da ɗan majalisar Birtaniya David Lammy ya gabatar a 2019, bisa binciken Farfesa Michèle Barrett, an kafa kwamiti, ya fitar da rahoto a Afrilu 2021. Rahoton ya ce mutum 45,000 zuwa 54,000, galibi 'yan Afirka da Indiya da Masar, ba a karrama su daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, ƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Cikin takardun da aka tono har da ra'ayin Gwamnan Gwalkwas Guggisberg a 1923, cewa talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Wannan giɓi ya fi shafar Yaƙin Farko, kuma ya fi faɗawa kan 'yan dako. Mutumin da ya ɗauki kayan yaƙi a kansa har ya faɗi, shi aka ga bai cancanci tawada ba. Abin na ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Hukumar ta buɗe aikin gyara, tana bin ɗakunan ajiye takardu tana ƙara sunaye. A Janairu 2025 an buɗe sabon wurin tunawa a Cape Town mai sunayen leburorin soja baƙar fata sama da 1,700 na Afirka ta Kudu da aka manta da su. Don haka wanda ya duba bara bai samu ba, ya sake dubawa bana. In kuma kana da takarda a hannu, mai lamba ko hatimi, da ke nuna kakanka ya mutu a bakin aiki cikin waɗancan shekarun, ɗauki hotonta ka aika musu ta sashen tuntuɓa na shafin. Haka in an rubuta sunan ba daidai ba. Da takarda suke aiki, labarin baka kaɗai ba ya sauya rajista, amma shi ke nuna inda za a tono takardar. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa wurare ne da ya kamata mai nema ya leƙa. A Landan kuma ma'ajiyar Kew na riƙe da littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum. Na fagen Bama suna cikin rukunin WO 172. Ba kasafai suke ambaton farabiti da suna ba, amma za su gaya maka inda bataliyar take da abin da ya same ta a ranar da ya rasu.

Ga mutanen Nijar

Wanda kakansa ya yi soji ƙarƙashin Faransa, daga Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ko Ƙonni, shafinsa daban ne. Sunansa Mémoire des hommes, na ma'aikatar sojan Faransa, kuma rubuta sunan a manhajar bincike ya isa ya kai ka. Kada kalmar Senegal ta ruɗe ka: duk sojan ƙasa da aka ɗauka daga yankunan Faransa na Afirka ta Yamma tirailleur sénégalais ake kiransa, ko da bai taɓa ganin Dakar ba. A takarda za ka ga BTS, wato bataliya, ko RTS, wato rajimanti.

A nan kunnen Bafaranshe za ka ara: Moussa, Oumarou, Issoufou, Mahamadou, Abdou, da Zinder, Tessaoua, Tahoua. Katunan Yaƙin Farko hoton rubutun hannu ne, kati ɗaya mutum ɗaya, cikin sama da miliyan 1.3 da aka ba shaidar sun mutu domin Faransa. Katin na nuna lamba, da wurin ɗauka, da yankin haihuwa, da yadda mutum ya mutu. In ka ga tué à l'ennemi, a fagen daga aka kashe shi. In maladie ce, ciwo ne. In disparu ce, ya ɓata ba a ga gawarsa ba. Ciwon ya yi ɓarna ƙwarai, don sanyin Turai ya kama huhun mutanen Sahel: a sansanin Courneau kaɗai, kudu maso yammacin Bordeaux, sama da 900 ne suka mutu. Akwai wani sashe na daban a shafin, Sépultures de guerre, shi ke faɗin maƙabarta da lambar kabari. A Chasselay kusa da Lyon akwai maƙabarta mai jan bango irin ginin ƙasa na Afirka ta Yamma, inda aka binne sojojin Afirka 188, cikinsu har da waɗanda Jamusawa suka ware daga Turawa suka harbe bayan sun miƙa wuya a Yuni 1940.

Bayan an samu

Kada ka yi saurin shela. Suna ɗaya ba hujja ba ce, a nemi abu biyu ko uku su dace: suna da gari, da shekara, da fagen yaƙi, in da lamba kuwa magana ta ƙare. Rubuta lambar, da bataliyar, da ranar, da lambar kabari ko allo a littafi, kada ka dogara da hoton allon waya da zai tafi ranar da wayar ta faɗa ruwa.

Zuwa Bama a yanzu ba abu ne mai sauƙi ba, ƙasar na cikin rikici tun juyin mulkin Fabrairu 2021. Amma akwai 'yan sa-kai da suka ɗauki hotunan kaburbura da alluna suka ɗora a shafuka irin su Find a Grave, akwai kuma wata ƙungiya mai suna The War Graves Photographic Project da ke aiko da hoto a kan ɗan kuɗi kaɗan. Hoto za ka nema a wurinsu. Bayani kuwa ka tsaya kan na hukuma, don 'yan sa-kai kan yi kuskuren kwafi.

Ni na buga takardar shaidar guda shida, na sa an liƙe su da roba, na raba wa gidajen 'ya'yan kakata. Ranar da na kai wa gwaggona tata, ta sa na karanta mata ranar rasuwar sau biyu, ta aika aka kira limamin unguwa ya lissafa mata watan Musulunci da ta faɗa. Da Juma'a ta zagayo aka tara yaran makarantar allo a zaure, aka yi masa addu'a da sunansa na yanka, aka raba waina.